Gonar kakana ba ta matsa ba, taswira ce ke yawo

1/ Jama'a, zaren yau a kan taswira ne. Kakana a Dagumawa aka haife shi, cikin Wudil, har yau nan yake noma. Bai taɓa ƙaura ba. Amma adireshinsa ya sauya sau nawa?

2/ Yana yaro, Lardin Kano ne a Jihar Arewa. 1967 Gowon ya ƙirƙiro Jihar Kano. 2019 Ganduje ya raba masarauta, aka ce Wudil ta koma ƙarƙashin Gaya. 2024 aka soke dokar, muka dawo Kano. Gonar dai tana nan inda take.

3/ Na taɓa nuna masa taswirar a waya. Ya kalla ya ce, “Ɗan nan, a da iyaka ita ce wa kake kai wa haraji.” Dagaci, hakimi, sarki. Mutane ake ƙirgawa, ba zane ba.

4/ Zanen kuwa Turawa suka zo da shi. Tun 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say zuwa Barruwa a takarda, alhali sai 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. Wato sun raba ƙasar tun ba ta shiga hannunsu ba.

5/ Daga 1906 zuwa 1908 aka bi layin ana kafa alamu. Katsina ta faɗo nan, Maraɗi can. Har gobe sarautar Maraɗi Sarkin Katsina ake ce mata, amma tsakaninsu akwai boda.

6/ Mu a gidanmu 1991 ce ta taɓa mu, da Babangida ya yanke Jigawa. Gwaggona tana aure wajen Dutse. Ta kwanta 'yar Jihar Kano, ta wayi gari a wata jiha.

7/ Da ɗanta ya zo neman tallafin karatu a nan, aka ce ina takardar shaidar asali? Ba ɗan jiha ba ne. Yaron da muka tashi kwano ɗaya fa! Ranar na gane layin nan ba ado ba ne, shi ke raba wa zai samu, wa zai rasa.

8/ Don haka in kun ji ana neman sabuwar jiha ko masarauta, kafin ku yi tafi ku tambaya: wa ke riƙe da alƙalamin, su wa layin zai bari a waje?

9/ Ku fa, garinku sau nawa aka sauya masa uwar ɗaki?