Daga Agege zuwa Kumasi, daga mu sai jaka

Tun da muka dawo daga Gana samari ke tare mu a bakin masallaci suna tambayar nawa muka kashe, a ina muka kwana, shi ya sa muka ga gara mu rubuta sau ɗaya a nan kowa ya gani.

Ana gobe tafiya muka je sallamar wani kawunmu, tsohon ɗan goro a nan Agege. Da muka gaya masa mun riga mun kama gado ta waya a Akra, a irin masaukin haɗakar nan da ake kira hostal, sai ya ajiye carbi ya dube mu. Ya ce, "Kai yaro, daga Ikko har Gwanja Bahaushe ba ya biyan kuɗin kwana. Duk garin da ka shiga ka tambayi zango." Muka ce, "Kawu, ai zamani ya canza." Ya ce mu je mu gani.

Kwana tara muka tsara, mu kaɗai, da ɗan kuɗin da muka tara. Muka raba shi uku, na mota da na kwana da na abinci, sannan muka ware na komowa muka ɗinke a cikin wando. A jaka akwai fasfo, da katin rigakafin shawara, da dadduma, da kwaɗo, da gari da ƙuliƙuli.

Daga Mile 2 muka hau motar Seme ta Badagry. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan ƙasa ɗaya ya shiga wata ba biza har kwana 90, don haka mai cikakkun takardu ya shiga layi kawai. Za ku ga 'yan kamasho suna cewa ku kawo fasfo su buga muku da sauri. Ba mu ba kowa ba, kuma ba mu ga abin da ya rage mu ba sai ɗan jira.

Da la'asar muka shiga Kwatano, ɗan acaba mai rawayar riga, wanda can suke kira zemijan, ya kai mu unguwar Zongo. Daren farko da gangan ba mu kama wuri ba, don mu gwada maganar Kawu. Muka yi isha'i a wani ƙaramin masallaci, muka zauna har mutane suka watse. Mai rufe ƙofa ya gaishe mu da Hausa, ya saurari bayaninmu, sannan cikin mutunci ya ce yanzu ba a barin baƙo ya kwana sai da wanda ya san shi a unguwar. Ba mu ga laifinsa ba, mu ma haka muke yi a namu. Wani mai shayi ɗan wajen Maraɗi ne ya nuna mana wani ƙaramin masauki, irin waɗanda ake rubuta auberge a ƙofarsu. A wajensa muka sha kunyar farko. Mun ci burodi da ƙwai da shayi, ya ce "ɗari", muka miƙa masa tsabar sefa 100 muna mamakin araha. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe su da dala suke ƙirga, dala ɗaya sefa 5, ɗarinsu kuwa sefa 500 ce, dubu kuma jaka.

Washegari ba mu tsaya ba. Motar haɗaka ta bi da mu bakin teku ta Wida da Grand-Popo zuwa Hillacondji, inda agogo ke komawa baya da awa ɗaya, domin Togo da Gana suna bayanmu. Gaɓar Togo ba ta da tsawo, kafin mutum ya gyara zama ya kai Lome, kuma iyakar Aflao a gefen garin take, da ƙafa ake tsallakawa. Muka canza sidi, muka hau tiro-tiro, muka ƙetare kogin Volta a Sogakope, da dare muka sauka a Tudu cikin Akra, wadda har yau tsofaffinmu ke kira Ankara.

Ga wanda bai taɓa shiga hostal ba, ya tuna ɗakin kwanan makarantar kwana, sai dai wannan akwai tsabta. Gado kake haya, ɗakin na kowa ne. Namu gadaje huɗu ne masu hawa biyu, mutum takwas ke nan, kowa da lokarsa da wurin cajin waya a gefen matashi. Banɗaki ɗaya, kicin ɗaya, intanet kyauta. Abin da muka biya na kwana uku bai kai na dare ɗaya a otal ɗin da ke kallonsa ba.

Akwai abubuwan da muka so a ce wani ya faɗa mana tun a gida. Yawancin irin waɗannan wurare ɗakunansu a gauraye suke maza da mata, sai ɗakin mata zalla idan akwai. Mu ba mu tambaya ba sai da muka iso, Allah ya taimake mu a makon duk maza ne a ɗakinmu. Babu buta, sai gorar ruwa muka mayar buta. Tukwanen kicin kowa na dafa abin da ya ga dama a ciki, don haka kofinmu kawai muka yi amfani da shi, abinci kuwa sai Nima: koko da ƙosai da safe, da rana waakye, wanda sunansa ma daga wake ne. Sallar asuba ita ce aiki. Ba ka kunna fitila mutum bakwai na barci, ba ka barin waya ta yi ƙara. Haka muka riƙa lallaɓawa da dadduma zuwa saman bene, inda wasu ba su daɗe da tashi daga shan giyarsu ba. Azahar da la'asar kam sai babban masallacin Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da ginin irin na Turkawa.

Amma gaskiya wurin ya yi mana daɗi ta wata fuska. Ba wanda ya tambaye mu ɗan gidan wa ne, ko me muka zo yi. Ka biya, an ba ka rasit da mabuɗi, ka fita sanda ka so. Wani Bajamushe da ke saman gadonmu ya zana mana a takarda inda ake hawa motar Kumasi, wani ɗan Kamaru ya nuna mana inda ake canji ba cuta. Ga mai son ya ga gari da ƙafarsa ba tare da rakiya ba, ba mu ga abin da ya kai wannan ba.

A kwana na uku zazzaɓi ya kayar da mu. Tun safe muna kwance muna rawar ɗari, mutanen ɗaki na shiga suna fita a hankali don kada su dame mu, amma ba wanda ya ce sannu. Ba mugunta ba ce, a wurinsu rashin shiga harkar mutum shi ne girmamawa. Sai dai mai ciwo a garin da ba a san shi ba, ba girmamawa yake nema ba. Wajen azahar matar da ke shara ta ga hularmu a kan loka, ta ce, "Ɗan'uwa, ba ka da lafiya?" da Hausar can wadda ba ta cika raba namiji da mace ba. 'Yar Nima ce. Ta kawo koko mai zafi, ta sa ƙaninta ya kai mu kemis aka yi gwaji, aka ce maleriya ce. Magani da ƙarin kwana biyu suka cinye kuɗin kwanan Kumasi kaf.

Muka tsaya tunani, ko mu juya ko mu ƙarasa. Kumasi kusan kilomita 250 ce daga Akra, kuma ita ce dalilin tafiyar, domin a can kakanmu ya yi shekaru yana fataucin goro. Muka hau bas a Circle da kuɗin mota kawai.

A Aboabo muka yi yadda Kawu ya ce. Bayan la'asar muka faɗi sunan kakanmu da garinsa da sana'arsa. Daga wannan dattijo aka tura mu wancan, kowa da tambayoyinsa: wa ya haifi mahaifinka, wace unguwa a Kano, wa ka sani a Agege. Sai da muka kira Kawu ta bidiyo, wani tsoho ya karɓi wayar, suka shiga lissafa mutanen da duk sun rasu, har tsohon ya share hawaye. Ya tuna kakanmu. Ya ce a ƙarshen 1969 ya tafi, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Bai manta ya tuna mana cewa mu ma mun rama a 1983 ba.

A daren aka ba mu ɗaki da katifa da fanka, aka yanka kaza, aka kawo tuwo, wanda duk Gana ke kira tuwo zafi. Kwana uku ko kwabo ba mu kashe ba. Amma a kwana na biyu muka fito fitsari da dare, muka tarar da samari biyu kwance a kan tabarma a soro, sauro na cinsu. Ɗakinsu aka ba mu. Mun so mu ga gidan tarihin fadar Manhyia da tafkin Bosomtwe, ba mu ga ko ɗaya ba, kasuwar Kejetia ma a guje muka ratsa ta, saboda kullum akwai gidan da ya zama dole a kai mu gaisuwa.

Tsohon ne ya cike mana abin da Kawu ya tsallake. Ya ce a zamanin fatauci, falke yana sauka gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da abinci, a ajiye masa kaya, maigidan ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan bashi ne. Daga cinikin yake cin la'adarsa. Ke nan kwanan ba kyauta ba ne tun asali, goro ne ke biya. Mu kuwa ba goro muka kawo ba, ba shanu ba. Abin da muka iya bari shi ne kwalbar turare da sabuwar hular da muka ajiye don Juma'a.

Ranar da za mu taho, tsohon ya riƙe hannunmu a bakin mota ya ce, "Ɗana, jikana zai zo Ikko bayan Sallah neman aiki. Gidanka zai sauka." Muka ce, "Baba, ai gidansa ne." Ɗakinmu ɗaya ne a Agege, da uwargida da yara biyu.

Da muka ba Kawu labari tun daga Seme har wannan, maganar hostal ko kallo ba ta ishe shi ba, tambayarsa ɗaya ita ce yaushe yaron zai iso. Shekaranjiya yaron ya kira, ya ce ya karɓi fasfonsa. Duk wanda ke da katifar da ba ya amfani da ita, ko ya san shagon samarin da ke da wurin mutum ɗaya tsakanin Agege da Idi-Araba, don Allah ya yi mana magana.