Daga Filin Sukuwa Zuwa Anka: Wa Zai Rubuta Namu?

Ranar Asabar na taka zuwa filin sukuwa na Kano. Ban tarar da komai ba sai ƙura da samari 'yan ƙwallo. Ina tsaye sai na tuna ranar 1 ga Nuwamba, 1925, da jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar. Duk waɗanda suka yi kallo sun kwanta dama. Mun san ranar ce don wani ya rubuta, wani kuma ya adana.

A Amurka, ƙungiyar matuƙa jirgi 'yan sa-kai ta Civil Air Patrol, wadda aka kafa a 1941, ba ta wasa da wannan aiki. Tana naɗa masu kula da tarihi daga cikin mambobinta. Su ke tara hotuna da takardu, su yi hira da tsofaffi tun suna da rai.

Nan hankalina ya koma gida Gummi, da hanyar da nake bi ta Anka. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Iyayen da suka ga abin suna nan. Wa ya zauna da su?

Ƙannena, ba sai da digiri ba. Wannan hutun ku ɗauki littafi da biro, ku gaida kaka, ku tambaye ta, ku rubuta har da kwanan wata.