Daga Maraɗi zuwa Sae Sabuwa: inda kwalta ta ƙare

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Duk wanda ya saba bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta biyo ta Gidan Rumji, Tsibiri, Maraɗi, Caduwa, Agiye da Gazawa kafin ta miƙe Tasawa da Damagaram, yana iya zaton ya san jahar Maraɗi. Alhali kuwa gero da wake da gyaɗa da ayar da yake gani jibge a bakin kwalta, daga can cikin karkara suka fito, bisa hanyoyin da amalanke da kofaton shanu suka zana a rairayi. Domin in ga yadda kayan nan ke fitowa ne na bi wani Alhaji mai sayen wake zuwa ƙauyukan Sae Sabuwa a kakar da ta gabata.

Sae Sabuwa ƙaramar hukumar karkara ce ta gundumar Gidan Rumji, arewa maso gabas da Maraɗi, kuma ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum 100,000 a cikinta. Ƙasarta jigawa ce, irin wadda ta shimfiɗu har Agiye da Gazawa, wadda ita ma sai a 2011 aka cire ta daga Agiye ta zama gunduma. Gonaki sun haɗe da juna, ba ka ganin daji, sai itatuwan gawo masu kore shar a lokacin da kome ya bushe. Tun shekarun 1980 manoman jahar nan suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma cikin gona, abin da ya sa yau matafiyi ba ya rasa inuwa.

Motarmu a-kori-kura ce, Peugeot 504, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975. Tun a tasha na lura bayanta ya ɗaga sama kamar raƙumin da ke shirin tashi. Da na tambayi direba dalili, sai ya durƙusa ya nuna mini ƙarƙashinta. Tsakanin jikin mota da ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, akwai dogayen fallayen ƙarfe masu ɗan lanƙwasa, an jera su wani bisa wani, an ɗaure da ƙusa a tsakiya. Su ne makanikanmu ke kira lam, ƴan Najeriya kuma sifirin. Na sama shi ne mafi tsawo, shi ke maƙale da jikin mota, sauran suna tallafa masa. In taya ta faɗa rami, lam ke lanƙwashewa ya shanye bugun, abin da ake kira amortisar kuma ya hana motar ci gaba da tsalle.

Ya ce: "Malam, masu ƙera ta sun yi ta don tan 1 da ɗan kai. In na tsaya nan, ko kuɗin mai ba zan mayar ba." Saboda haka ya sa aka ƙara mata falle 3 a kowane gefe, waɗanda aka ciro daga wata tsohuwar babbar mota, maƙeri ya yanke su ya sake lanƙwasa su da guduma. Wannan sana'a ta ƙara bunƙasa bayan karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, lokacin da kuɗin kayan gyara na Turai ya ninka, kowa ya koma ga kwance da dabarar hannu.

Da muka bar hanya mai tauri muka shiga rairayi, sai direba ya tsaya, yaron mota ya rage wa tayoyi iska. Taya mai laushi tana baje ƙafa, ta hau bisa rairayi maimakon ta haƙa shi. Daga nan tuƙi ya zama wani ilimi dabam. Ana zaɓen giya tun kafin a shiga wuri mai zurfi, domin wanda ya canza a tsakiya ya kafe. Ba a taka birki da ƙarfi, ba a murɗa kan mota da gaggawa, ana bin sawun wanda ya riga wucewa. Amma da yake motar ba kaya, ƙarin lam ɗin nan ya mayar da bayanta tamkar turmi, har wata dattijuwa da ke dawowa daga asibiti ta ce: "Ɗana, sannu-sannu, ƙashina ba na ƙarfe ba ne." Ya ce: "Yi haƙuri, Inna, sai ta sha kaya take ladabi."

Mun yi yini muna zagaya ƙauyuka, mata na awo da tiya, ana ɗinke buhuna. A nan na gane abin da hanya ke ci. Alhaji yana cire kuɗin mota da na gyaranta daga farashin da zai ba manomi, don haka duk ƙauyen da ya fi nisa da kwalta, tiyarsa ta fi araha. Mai gona shi ke biyan kuɗin lam, ko da bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba.

Bayan la'asar muka juyo da buhu 20 masu kilo 100, ga mutane bisa kaya. Gaskiyar direba, tafiya ta yi laushi. Sai dai a wata gangara da ruwan damina ya zaizaye, muka ji ƙara kamar an karya ice, mota ta karkata hagu. Babban falle ne ya tsinke, daidai gefen wata tsohuwar walda. Wutar walda tana kashe ƙarfin lam, shi ya sa ba ya karyewa sai kusa da ita. Aka sauke rabin kaya, aka ɗaga mota da jak, aka cusa guntun icen gawo, aka ɗaɗɗaure da robar tsohon tiyub. Buhu 10 suka kwana a daji, yaron mota na gadinsu, mu kuwa muka shigo Maraɗi bayan isha'i, muna tafiyar hawainiya.

To, ƴan kasuwa, ga abin lura. Ƙarin lam yana hana mota durƙushewa, amma birki da tayoyi da ƙarfen tayoyi suna nan yadda aka ƙera su. Bugun da lam mai tauri ya ƙi shanyewa, jikin mota yake komawa har ya tsage. Mota mai tsawo da kaya a sama ta fi saurin kifewa a kwana. Tayar da aka rage wa iska kuwa, in aka hau kwalta ba a mayar mata ba, zafi take ɗauka ta fashe. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Su ma ma'aikata akwai nasu kason. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in nauyin da ke bisa tayoyi ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa hanya tana ninkawa kamar sau 16. Wannan ne ya sa ƙasashen UEMOA suka kafa doka mai lamba 14 a 2005 kan nauyin manyan motoci. Amma gingimarin da ke farfasa kwalta da a-kori-kurar da ke karyewa a jigawa, lissafi ɗaya ke tura su: tafiya mai tsada, sai a cika kaya fiye da kima.

Turawa sun daɗe suna zuwa ƙasar nan gwada ƙarfin motocinsu. Tseren Pari-Dakar na farko, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya biyo ta Agadas da Yamai. Su wasa ya kawo su, kuma tun 2009 tseren ya bar Afirka. Direbobinmu kuwa kowace ranar kasuwa suke nasu tseren, ɗauke da abincin birni da marasa lafiya da mata masu naƙuda. Muna kira ga magabatan ƙananan hukumomi da ma'aikatar ayyuka su dubi hanyoyin karkara, ko da birji ne a zuba a gangarori kafin damina, masu motoci kuma su daina walda lam, su canza shi. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.