Daren da na ga an rina sararin Akra

Wallahi shayin da na saya a daren nan ban sha shi ba. Ina zaune a bencin mai shayinmu na bakin kasuwar Nima bayan sallar isha'i, ana soya mini ƙwai, sai ga ɗan ƙanwata ya faɗo wajen yana haki kamar wanda aka koro, ya cusa mini wayarsa a hannu.

"Kawu, don Allah duba wannan. Faɗa mini ina ne nan."

Na duba. Bakin teku ne, ga kwale-kwalen masunta, ga yara a tsaye. Amma sama ja ce jawur, kamar an kwara mata manja. Ruwan kuma wani irin shuɗi ne da tun da nake ban taɓa ganin teku ya yi shi ba. Fatar yaran baƙa wuluk, tana sheƙi kamar turkuɗin da ya sha bugu. Na ce masa wannan ai zane ne. Ya ce hoto ne. Na ce to wata ƙasa ce can nesa. Ya girgiza kai.

"Kawu, Akra ce fa. Garin nan da muke zaune."

Tsigar jikina ta tashi. Na riƙe wayar nan ina turawa da yatsa, hoto na bin hoto, kowanne ya fi na baya ɗaukar hankali. Nan sama ruwan hoda, can bango rawaya kamar kwaiduwar ƙwai, can kuma kore shar. Mutanen ciki kuwa namu ne: masunta, 'yan talla, yaran da ke buga ƙwallo a yashi. Fuskokin da nake wucewa kullum ban ɗaga kai na kalla ba, ga su an tsayar da su kamar 'ya'yan sarauta a cikin mafarki. Mai shayi ya leƙo ta kafaɗata, masu jiran burodi suka taru, wayar ta zagaya benci har sau biyu kafin ta dawo hannuna.

Sunan mai hotunan Prince Gyasi. A nan Akra aka haife shi a 1995, garin da mu 'yan zango ke kira Ankara. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, hotunan da suka fito da sunansa duniya da wayar iPhone ya ɗauke su. Waya dai, irin wadda ke aljihun samarinmu. Shi ya koya wa kansa aikin: ya tsara mutanensa, ya ɗauka, sannan ya zauna ya rina launukan har sai sun yi daidai da abin da yake gani a cikin kansa. Ya sha bayyana cewa yana da wata halitta da masana ke kira sinestiziya, wato ji da gani su cakuɗu wa mutum, ya ji kalma ko sauti sai launi ya bayyana masa. Da na ji haka sai na ce lallai, wannan marini ne. Yadda marinan Ƙofar Mata a Kano ke tsoma farin ƙyalle a baba ya fito da wata daraja, haka shi ke tsoma sararin samaniya.

Daren nan barci ya ƙaurace mini. Gari na wayewa na hau motar haya ta trotro na nufi Jamestown, unguwar masunta da ya ɗauki hotuna da yawa a cikinta. Na tsaya a gindin hasumiyar nan mai ja da fari ina kallon ƙasa. Hayaƙin bandar kifi na tashi, mata na ciniki da ƙarfi, maza na gyaran koma, yara na tsalle daga kwale-kwale zuwa ruwa. Sama fara fat kamar kullum. Sai dai idona ya riga ya canja. Na ga jan fentin da ke gefen wani jirgi yana faɗa da shuɗin rigar mai shi. Na ga wata yarinya ɗauke da roba kore a ka, ta ratsa gaban bango mai ruwan lemo, na ji kamar in ce mata ta tsaya. Ashe launukan suna nan tun fil azal. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kuma yaran nan bai ɗauki hotonsu ya kama gabansa ba. Shi da abokiyar aikinsa sun kafa ƙungiyar Boxed Kids domin taimaka wa yaran Jamestown su shiga makaranta. Wannan ya ƙara masa girma a idona.

Inda aikin ya kai shi kuwa, sai a riƙe baki. Kamfanin taya na Pirelli a Italiya yana fitar da kalandarsa tun 1964, kuma manyan masu ɗaukar hoto na duniya ake ba wa aikin. Ta 2024 Prince Gyasi aka ba wa yana da shekara 28, shi ne baƙar fata na farko da ya taɓa yin ta. A ciki akwai Naomi Campbell tare da wani ƙaton agogo, akwai Idris Elba, akwai mawaƙiyar Najeriya Tiwa Savage, akwai tsohon ɗan ƙwallo Marcel Desailly, akwai kuma Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, cikin cikakkiyar shigar sarauta. Yaron da ya fara da waya a titunan Akra, ga shi yana tsara sarki a gaban kyamara.

Da na natsu sai na tuna ba daga sama ya faɗo ba. A Jamestown ɗin nan James Barnor ya buɗe shagon hotonsa na Ever Young a shekarun 1950, ya ɗauki Gana tana shirin samun 'yanci. A Shama, Philip Kwame Apagya yana rataya labulen da aka zana wa jirgin sama ko firiji cike da abinci, mutum ya tsaya a gaba ya ɗauki hoton burinsa. Mu ma duk wanda ya girma a zango ya san hoton Sallah: sabon ɗinki, hula a karkace, labule mai furanni a baya. Mafarki a cikin hoto tsohuwar al'adarmu ce. Yaron nan ya karɓe ta ya hau da ita sama.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne wannan. Na girma ina ganin baƙi suna shigowa Nima da manyan kyamarori. Kusan kowannensu babbar kwatar da ta raba mu da Maamobi yake nufa. Ya ɗauki shara, ya ɗauki yaro mai majina, ya tafi. Kwatar gaskiya ce, ba mai musu. Amma ina shuɗin shaddar dattawa ranar Juma'a? Ina jerin mayafan mata ranar Sallah a kan babban titin Nima, ja da kore da ruwan zinariya? Ina tulin barkono da tumatir a kasuwa da hantsi, ina tururin waake da sassafe, ina hasumiyoyin masallacin Kanda da magariba? Masu zanen unguwarmu, irin su Moh Awudu da ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art, sun daɗe suna shafa wa bangayenmu launi. Yanzu saura masu kyamara. Hanya kuma a buɗe take: bikin Chale Wote ya fara cika titunan Jamestown da masu fasaha a 2011, a Osu kuma Paul Ninson ya buɗe cibiyar Dikan a 2022, da dubban littattafan hoto da yaro zai je ya zauna ya buɗa.

Da na dawo gida da la'asar na tarar da ɗan ƙanwata yana jirana a ƙofa. Ya yi shiru, yana murza wayarsa, sannan ya ce, "Kawu, ni ma na gwada ɗaya. Kada ka yi dariya."

A kan gadar kwatar ya ɗauke shi. Ya tara galan-galan rawaya guda bakwai, irin waɗanda muke kira galan Kufuor, ya jera su kamar matakala. Ƙanwarsa na tsaye a kan na ƙarshe cikin farin hijabi, ta ɗaga hannu ɗaya sama, allonta na makaranta na ɗaya hannun. Ruwan kwatar da ke ƙasa ya mai da shi shuɗi kamar baba, samaniya kuma ruwan goro. Gefen hoton ya ɗan karkace, kuma ana ganin ƙafar wani mai wucewa a kusurwa. Amma yarinyar nan kamar taki ɗaya ya rage ta taka gajimare.

Na daɗe ina kallo, idona ya cika da ƙwalla. Na tambaye shi me ya sa ya zaɓi gadar nan, alhali ga wurare masu kyau.

"A nan muke wucewa kullum, Kawu."

Na sa hannu a aljihu na ba shi kuɗin mota. Na ce ranar Asabar ya shirya da wuri, ni da shi za mu tafi Osu.