Da Ɗan Gari A Kan Ci Gari: Tafkunan Kan Duwatsun Bamenda

Mutumin da ya tashi a Ebute Meta, ko ya daɗe da zama a cikinta, ya san ruwa sanin maƙwabci. Da ya fito bakin gaɓa sai ya ga kwale-kwalen masunta da na masu ɗiban yashi, ga kuma doguwar gadar nan ta uku da aka gama a 1990 ta ratsa ta bisansu. A wurinsa ruwa hanya ce kuma kasuwa ce, mazauninsa ko a ƙasa yake, can inda gari ya ƙare. In aka ce masa akwai ƙasar da sai an wuni ana hawan dutse kafin a tarar da tafki, in an tarar kuma ba a shigarsa don wasa, sai ya ɗauka tatsuniya ce. Alhali kuwa ƙasar tana nan gabas da iyakar Nijeriya, a cikin Lardin Arewa maso Yamma na Kamaru, wanda babban birninsa shi ne Bamenda.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan ƙasa. Goron da ya kai kakanninmu Agege shi ne ya kai waɗansu fatake Kumbo, watau Banso, har suka kafa unguwa a Bamenda wadda ake kira Abakwa. Fulani makiyaya su ma sun hau da shanunsu tun farkon ƙarnin da ya wuce, suka zauna a Sabga da sauran tuddai. Bugu da ƙari, bayan an kori Jamus a 1916 Ingilishi suka haɗa mulkin yankin da na Nijeriya, har ran 11 ga Fabrairu 1961, sa'ad da mutanensa suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Kamaru. Hanyar mota daga Ikko ta bi ta Inugu da Abakaliki da Ikom, ta haye iyaka a Mfum, ta ratsa Mamfe, sannan ta fara hawa.

A shekarun zaman lafiya, mai son ganin tafkunan ya kan sauka daga mota a Belo, cikin ƙasar Kom. Nan ake neman jagora da ɗan dako, a yi guzuri, a tanadi bargo, domin sanyin dare a bisa tudun ya fi na Jos. Rani ne lokacin tafiyar, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina hanya ta kan yi santsi, gajimare kuma ya kan sauko ya rufe mutum har ya kasa ganin na gabansa.

A kan tashi da asuba. Da farko hanya ta kan bi ta gonakin masara da wake da gahawa, waɗanda mata suka yi wa kunya a jikin gangara kamar matakala. Da hantsi sai gonaki su ƙare, a fita fili mai ciyawa a kan tsaunin Ijim, inda ba abin da ake ji sai iska da kukan shanu. Matafiyi ya kan ratsa rugar Fulani, a yi gaisuwa da Fillanci ko da Hausa, a ba shi nono ya sha. In ya waiwaya sai ya hangi kwarurukan da ya baro, hayaƙin girki yana tashi daga gidaje ƙanana kamar an zuba tsakuwa.

Da dare, bayan an ci tuwon masara da ganyen da suke kira njama-njama, jagora ya kan ba da labarin asalin mutanen Kom. Suka ce a da suna zaune ne a Babessi a matsayin baƙi, sai sarkin garin ya ga sun yi yawa, ya yaudare su aka hallaka mazajensu. Sarkin Kom ya rataye kansa don baƙin ciki, wurin da ya mutu ya zama tafki cike da kifi. Da mutanen garin suka taru suka shiga su, sai tafkin ya haɗiye su. Sauran mutanen Kom suka bi sawun wata mesa har ta kai su Laikom, inda fadarsu take har yau. Baƙo ya kan saurara ya yi murmushi, ya ce a ransa hirar dare ce. Ma'anar labarin tana can gaba tana jiransa.

Kashegari a kan shiga kurmi. Wannan shi ne dajin Kilum-Ijim, wanda faɗinsa ya kai kimanin hekta 20,000, kuma shi ne mafi girman abin da ya rage na kurmin kan dutse a Afirka ta Yamma. Itatuwa sun yi gemu da gansakuka, ƙasa ko kullum a jiƙe take. A nan ne ake samun wani tsuntsu kore mai jan tukku, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai a waɗannan duwatsu. Jan gashinsa shi sarki ke soka wa mutum a hula in ya ba shi girma. A kan kuma gamu da masu zuma ɗauke da amya a ka. Su kan ajiye ta a kwari har ƙudan zuma su shiga, sannan su hau da ita kurmi, inda furannin wurin ke ba da wata farar zuma mai kauri kamar man shanu.

Sai kwatsam itatuwa su buɗe, tafkin Oku ya bayyana a ƙasa, a cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, mita 2,200 da 'yan kai bisa teku. Ruwan kore ne, shiru, ba kwale-kwale, ba taru. Mutanen Oku suna kiransa Mawes, kuma a al'adarsu wuri ne mai alfarma, sarki da dattawansa ke da hakkin kai masa abin da al'adar ta tanada. A nan jagora ya kan rage murya, ya nuna inda za a tsaya da inda ba a takawa. Ko mai karatu ya ɗauki wannan camfi ne, ga abin da hanin ya haifar: akwai wani ɗan kwaɗo a tafkin wanda masana ba su same shi a wani ruwa ba, kuma sun ce da za a zuba kifi a ciki, da ya ƙare. Dokar da fada ta kafa tun kafin zuwan masana ita ta tsare shi.

Daga tafkin a kan gangara Elak, babban garin Oku, a kai gaisuwa fada a nemi izinin hawan dutsen. Tsawonsa mita 3,011, watau ya ɗara Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda shi ne mafi tsawo a Nijeriya da mita 2,419. A Kamaru ma babu wanda ya fi shi sai Dutsen Kamaru na bakin teku. Hawa da sauka aikin wuni guda ne, ta cikin kurmi da dajin gora, har a fita ƙololuwa mai gajeriyar ciyawa.

Wanda ke da sauran ƙarfi ya kan koma ƙasar Kom, ya bi ta Fundong da Bafmen ya nufi arewa, zuwa tafki na biyu, watau Nyos. A daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, wannan tafki ya yi aman wata iska mai nauyi, wadda ba ta da launi, masana na kiranta kabon-dayoksaid. Shekara da shekaru tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a gindin ruwan, mai zurfin mita 200 da ɗoriya, kamar yadda iska ke kwance a kwalbar lemo kafin a buɗe. Da ta kuɓuce, da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari kamar ambaliya ta ratsa Nyos da Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, yawancinsu cikin barci, tare da dabbobi wajen 3,500. Gari ya waye ba carar zakara, ko ƙuda babu a kan mushe, tafkin kuma ya rine ya yi ja. Shekara biyu kafin haka, a 1984, tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya.

Wata masaniyar al'adu Ba'amurkiya, Eugenia Shanklin, ta bi labarun mutanen yankin ta tarar cike suke da tafkuna masu fashewa da masu ƙaura. Ta kuma lura cewa tsofaffin mazauna wurin suna da al'adar gina gida a kan tudu, waɗanda suka zo daga baya su ne suka zauna a kwari don ƙasar noma da kiwo. Ba laifinsu ba ne, ba wanda ya gaya musu dalili, watakila masu al'adar ma sun manta shi. Amma ruwa ba ya tsami banza, labarin da jagora ya bayar a kan Ijim ma haka.

An kafa bututu a tsakiyar tafkin a 2001, aka ƙara biyu a 2011, don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Nijeriya ma tana da rabo a cikin lamarin. A da, bangon dutsen da ya tare Nyos ta arewa ba shi da ƙwari, in ya ɓalle ko ruwan Kogin Katsina-Ala zai bi ya sauko Taraba da Binuwai. Wannan tsoro na daga cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila kusa da Takum.

Tun daga ƙarshen 2016 rikici ya tashi a lardunan Kamaru masu amfani da Turancin Ingilishi, a 2017 ya zama na bindiga. Baƙi suka ɗauke ƙafa, garuruwa suka watse, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Tafkunan suna nan, duwatsun ma ba inda za su. Abin da ake jin tsoron ɓacewarsa shi ne abin da ke cikin kan jagora: wace hanya ce ba ta santsi, wane kwari ne ba a kwana, wane ruwa ne ba a taɓawa. Irin wannan sani a kan koye shi ne da ƙafa, yaro yana bin babba a baya, kuma yaron da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira ba shi da wanda zai bi. Allah ya kawo zaman lafiya tun masu sanin hanyar suna da ƙarfin hawa.