Yadda na tattaro kayan na'urar auna ruwan sama mai turo tes

Yau na ɗan ajiye maganar bakin caji da batir mai kumbura. Wata 'yar na'ura ce na haɗa, yanzu haka tana ƙauyenmu can bayan Bichi, kullum safe da yamma tana turo wa Baba tes ɗin yawan ruwan da aka yi, da zafin gari, da danshin iska. Haɗa ta kwana huɗu ya ɗauke ni. Neman kayanta kuwa sai da ya ci kusan wata uku, shi ya sa a kansa zan fi tsayawa, ko wani zai huta da wahalar da na sha.

Ga abin da ya jawo. Baba yana zaune tare da mu a Kano tun da ƙafarsa ta matsa masa, gonar kuma Baffana ne yake kula da ita. Bara, a ƙarshen watan Mayu, Baffa ya bugo da asuba ya ce, "Yaya, an yi ruwa sosai, ƙasa ta sha." Ni na biya kuɗin irin gyaɗa, kwano goma sha biyu, daga abin da nake tarawa don sayen sabuwar bulowa. Aka shuka. Daga nan sama ta ɗauke kusan sati uku, abin da ya tsiro ya ƙone, sai da aka sake shuka. Baffa bai yi ƙarya ba, an yi ruwan. Matsalar ita ce "sosai" ba ta da ma'auni. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk farkon shekara, amma ba za ta faɗa maka abin da ya sauka a gonarka daren jiya ba. Ƙa'idar da masana aikin gona suka fi amfani da ita a yankinmu kuwa ita ce a samu kamar milimita 20 cikin kwana uku kafin a ce damina ta kama. To wa zai auna mana milimita 20 ɗin?

Sai na zauna na rubuta abin da nake buƙata: ƙwaƙwalwar da za ta yi lissafi, abin auna zafi da danshi, abin auna ruwa, abin tura saƙo, sai wuta. Kuskurena na farko shi ne na ɗauka duk a Farm Centre zan samu, tunda nan nake wuni. Na zaga layi-layi ina tambayar Arduino, wani ya ce min, "Wace waya ce kuma wannan?" Kasuwarmu ta sikirin ce da bakin caji da batir. Ƙananan kayan lantarki irin su kafasita da resisto sai wajen masu kayan rediyo da talabijin a Sabon Gari. Sauran kuwa sai dai a turo maka daga Legas, ko ka yi oda daga China ka jira.

Abin tura saƙon shi na fara yanke shawara a kai. Mafi yawan bidiyon da na kalla suna amfani da ƙananan rediyoyin 433MHz ne, daga rufin gida zuwa falo. Mai araha a cikinsu ko unguwa ba zai tsallake ba, har LoRa mai dogon zango 'yan kilomitoci ne idan ba abin da ya tare. Tsakaninmu da ƙauye tafiyar sama da awa ɗaya ce a mota. Don haka na zaɓi SIM800L. Ita a taƙaice ƙaramar waya ce da ba ta da sikirin ba ta da madannai, ka saka mata layi ka ba ta umarni ta tura tes. 2G kawai take kamawa, saboda haka kafin ka saya, ka sa wani ya tsaya da ƙaramar waya a daidai inda za ka kafa na'urar ya duba wane layi ne yake da sabis a wurin. Layin da nake amfani da shi a birni ko sanda ɗaya ba ya kawowa a gidanmu na ƙauye, da na gina komai a kansa da na yi aikin banza.

Da ta iso daga Legas, na haɗa ta da cajar waya ta hanyar wani ɗan abin rage wuta, sai fitilarta ta yi ta ƙiftawa duk sakan ɗaya, ta mutu, ta sake tashi. Kwana biyu ina zagin wanda ya sayar min a zuciyata. Ashe laifina ne. SIM800L tana son wuta tsakanin 3.4V da 4.4V, kuma lokacin da take neman sabis tana iya fizgar 2A a ɗan taƙin lokaci. Duk mai gyara ya san wannan ciwon: tsohuwar waya mai gajiyayyen batir, tana nan lafiya, da kira ya shigo sai ta ɗauke. Maganinsa ka haɗa ta kai tsaye da batirin lithium da gajerun wayoyi masu kauri, ka sa kafasita mai 1000µF dab da ita. Ina yin haka fitilar ta koma ƙiftawa duk sakan uku, alamar ta hau sabis ke nan.

Kafasitar ma ba saya na yi ba. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, na nuna masa hoton abin da nake son haɗawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yaro, ku yanzu komai sai oda. Miƙo min wancan kwalin." Ya ciro kafasita biyu daga wani mataccen fanel ɗin talabijin, ya gwada su a gabana. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce in dai ta yi aiki in dawo in ba shi labari. A wurinsa kuma na samu abin da na fi shan wahalar nema, ɗan makunnin gilashin nan da maganaɗisu ke kunnawa, wanda 'yan kasuwa ke ce wa rid suwic. Daga wata tsohuwar ƙararrawar ƙofa ya ɓalle min shi.

Wannan makunnin shi ne zuciyar ma'aunin ruwa. Na kanti yana da tsada, na haɗa nawa. Mazurari ne a sama, a ƙarƙashinsa wasu 'yan cokula biyu na roba a kan sanda ɗaya kamar sikeli. Ɗaya ya cika sai ya rinjaya ya zubar, ɗayan ya shigo ƙarƙashin mazurarin. Na manna maganaɗisun da na cire daga lasifikar matacciyar waya a jikinsu, duk rinjaya ɗaya sai ya gifta ta gaban makunnin, ƙwaƙwalwar ta ƙirga ɗaya. Lissafin ba wuya. Bakin mazurarina faɗinsa santimita 16 ne, wato ruwan milimita 1 zai tara kusan mililita 20 a ciki. Na sayi sirinji a kemis, na yi ta daidaita cokulan da noti har kowanne ya zama yana rinjaya a mililita 5. Ke nan rinjaya 4 milimita 1 ce, rinjaya 80 kuma ita ce milimita 20 ɗin da muke jira.

Inda aka ci kuɗina shi ne wajen abin auna danshi. Na yi odar BME280, na kamfanin Bosch, wanda yake auna zafi da danshi da nauyin iska a lokaci guda. Na jira sati biyar. Da ya zo, zafi yana fitowa, nauyin iska yana fitowa, danshi shiru. Na sa shi a ƙarƙashin madubin da nake duba fanel ɗin waya, sai na ga ɗan ƙarfen da ke kai dogo ne ta gefe ɗaya. BMP280 aka turo min, ƙaninsa mai araha wanda ba ya auna danshi ko kaɗan. Allon da ake ɗora su iri ɗaya ne, wani lokacin ma sunayen biyu duk an buga a bayansa. Ga yadda za ku gane: ƙarfen BME280 murabba'i ne, tsawonsa da faɗinsa ɗaya, na BMP280 kuma ya ɗan fi tsawo. Idan kun haɗa shi kun karanta lambarsa ta ciki, 0x60 shi ne BME280, 0x58 kuma BMP280. Na tura wa mai kayan hoto, har yau bai amsa ba.

Damina tana matsowa, ba zan iya sake jiran sati biyar ba. Na bar BMP280 ɗin yana auna nauyin iska, na nemi wani daban don danshi. A nan ma a kula. Za a nuna muku DHT11, shuɗi, mai araha. Daga kashi 20 cikin 100 yake fara karanta danshi, zafinsa kuma a digiri 50 yake tsayawa. Mu da hunturu danshin iskarmu yana sauka ƙasa da kashi 20, ke nan watanni zai yi yana ba ku lambar da ba ita ba. Ku ƙara kuɗi ku ɗauki farin, DHT22, shi yana karantawa daga 0 har 100.

Ƙwaƙwalwar Arduino Pro Mini na ɗauka, mai 3.3V, saboda ba ta cin wuta. Abin dariya, ta iso na rasa inda zan soka mata kebul. Ba ta da bakin USB, sai da wani ɗan allo daban, irin mai CH340 ko CP2102, ake loda mata umarni. Wannan mantuwar kaɗai ta ƙara min sati guda. Ku rubuta shi a jerinku tun farko. Da ta fara aiki na sa bakin ayan na cire 'yar fitilar da ke kanta, don fitilar tana cin wuta fiye da ƙwaƙwalwar idan tana barci.

Batir kuwa kada ku bari rubutun jiki ya ruɗe ku. Na ga 18650 da aka rubuta wa 9900mAh a kasuwa. Babu wannan. Na gaskiya mafi ƙarfi ko kusa da hakan ba ya kaiwa, kuma nauyinsa kusan giram 45 ne, na jabun kana ɗauka za ka ji shi sakayau. Ni mataccen batirin laftof na fasa, na samu guda shida a ciki. Sau da yawa ɗaya ko biyu ne suke mutuwa su ja wa sauran. Na gwada da mita, duk wanda ya sauka ƙasa da 2.5V na ware shi, na caja sauran na ajiye su sati guda, biyun da suka riƙe wutarsu su na ɗauka. Wajen fasawa a yi a hankali, kada sukundireba ta haɗa kai da jiki, wuta yake kamawa. Na caji TP4056 ne, ku nemi mai ƙafafun OUT+ da OUT- daban da na batir, shi ne yake yanke wuta kafin batir ya zube gaba ɗaya. Farantin sola mai 6V kuma daga wata fitilar sola da ta lalace a gidanmu na cire.

Abu na ƙarshe da ba a kasuwar lantarki yake ba: inuwa. Abin auna zafi idan rana ta doke shi, zafin robarsa zai faɗa muku. Na sayi fararen farantan roba guda biyar, na kife su a jere da ɗan tazara a tsakani don iska ta ratsa, na rataye shi a ciki, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Akwatin batir kuma na sa shi ƙarƙashin rumfa, don lithium ba ya son a caja shi cikin zafin da ya haura digiri 45, kuma kun san me rufaffen akwati zai zama a rana a watan Afrilu.

Ranar da na je kafawa, Baffa yana tsaye yana kallona bai ce komai ba. Sai da na gama ya ce, "Wato yanzu maganata sai wannan kwalin ya shaida?" Wallahi jikina ya yi sanyi, don duk wata ukun nan ban taɓa tunanin ta nan ba. Na ce, "Baffa, ai ita ba ta san ƙasa ba, lamba kawai ta sani. Kuma in ba ka duba ta, kwana nawa za ta yi?" Na ƙara lambarsa a cikin waɗanda tes ɗin zai riƙa zuwa wa, na nuna masa yadda ake buɗe mazurarin a share.

Ruwan farko na bana tes ya shigo da asuba: milimita 7. Baba ya sa aka karanta masa sau biyu, ya kira Baffa, suka yi shawara a jira. Maƙwabta da yawa sun shuka, kwana goman da suka biyo baya ban yi barcin kirki ba, don in damina ta zarce daga nan, ni ne na sa muka makara. Sai aka yi wani ruwan kwana biyu a jere, 14 da 11. Baffa da kansa ya haƙa da hannu ya ga danshi ya nutsa, aka shuka washegari. Na'urar ba ta san gobe ba, ko bayan milimita 25 sama tana iya ɗaukewa. Bana dai ba ta ɗauke ba, alhamdu lillahi.

Sau ɗaya ta ba mu kunya. An kwana ana ruwa a watan Yuli, tes ya zo da 0. Baffa ne ya bugo yana dariya, ya ce ganyen darbejiya ya toshe mazurarin, ruwa ya cika har yana zuba ta baki. Ya yanko tsohuwar rariya ya ɗaura a kai, tun daga nan ba ta sake ba.

In za ku haɗa taku, ku fara da kwalin matattun kayanku: batir, maganaɗisu, kafasita, sola, wayoyi, duk suna ciki. Abin da dole sai an saya guda biyar ne, Pro Mini da allon loda mata umarni, SIM800L, TP4056 da DHT22. Ku yi odar su rana ɗaya, da rani, kuma ku gwada kowanne shi kaɗai kafin ku haɗa. Layin da kuka saka mata ku riƙa duba kuɗinsa, don ranar da ya ƙare shiru za ku ji, ku ɗauka ba a yi ruwa ba.

Yanzu ma'aunin gudun iska nake son ƙarawa. Kofunan na samu, ƙaramin boris mai laushin juyawa ne ya gagare ni, na fankar kwamfuta da na gwada ƙura ta cinye shi cikin sati biyu. Wanda ya san inda zan samu rufaffe a Kano ya taimaka ya faɗa min. Dattijon Sabon Gari kuma na koma na ba shi labari, har na nuna masa tes ɗin.