Kaya Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Ya 'yan'uwana ɗalibai, bari in ba ku labarin abin da ya same ni bara, sa'ad da muka fita gwajin koyarwa, ko wani ya amfana.

An tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauye na ƙasar Oyo. Da wa'adinmu ya kusa cika, sai Malamin da ke duba aikinmu ya aiko cewa kowa ya aika masa da littafinsa na shirin darasi ta imel kafin Jumma'a da tsakar rana. Wanda ya makara kuwa, makinsa ya tafi ke nan.

Littafina shafi 40 ne. Ran Alhamis da dare na ɗauki hoton kowane shafi da wayata, na haɗa su a wasiƙa ɗaya. Sai Gmail ta ƙi karɓa, don ba ta ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a wasiƙa guda. Kowane hoto nawa kuwa ya kai megabait 4, watau jimla 160. Ta ce in ɗora su a Google Drive, in aika wa Malam hanyar buɗe su. To, a ƙauyen nan sai an hau tudu ake samun sabis, datar da ta rage mini kuma ba ta kai rabin wannan ba.

Na tuna ana matse kaya su zama zip. Na gwada, amma ɗan abin da ya ragu bai taka kara ya karya ba. Ashe hoton waya a matse yake tun asali, kamar tsumman da aka riga aka matse. Na yi shawarar raba su wasiƙa bakwai, sai na ga nauyin yana nan yadda yake. A daren nan barci bai ga idona ba.

Da gari ya waye na cire girman kai, na faɗa wa Malamar aji biyu, wata dattijuwa da ta tashi a Jos, wadda nake zaton ba ruwanta da irin waɗannan abubuwa. Ta yi murmushi, ta ce, “Ɗana, Malaminka rubutu yake so ya karanta, ko launin tebur?” Ta buɗe Google Drive a wayata, ta nuna mini inda ake ɗaukar takarda ta koma PDF. Muka sake ɗaukar shafukan baƙi da fari, muka yanke gefe-gefe. Duk littafin ya dawo megabait 6. Na ce, “Mama, na gode.” Na hau tudu, kafin ƙarfe goma wasiƙa ta tafi.

Abin da na koya shi ne, in kaya ya ƙi shiga ƙofa, kada a tsaya faɗa da ƙofar, a duba abin da ke cikin kayan wanda ba a bukata. Tun daga ran nan haka nake duba darasina kafin in shiga aji, gama kan yaro ma yana da iyakar abin da zai ɗauka a zama ɗaya.

Ku da za ku fita bana, ku gwada aika aikinku tun da sauran kwanaki. In kun rasa yadda za ku yi, ku tambaya. Matambayi ba ya ɓata.